Wasan Nura da Ban Taɓa Gani Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar Nura Yawuri, kuma har yau idan warin maganin da ake zuba wa ruwan ninƙaya ya bugi hancina sai na waiga. Haka ɗakinmu na unguwar Fereej Abdel Aziz, nan ƙasar Larabawa, yake wari safe da yamma, saboda tawul ɗinsa da ke rataye a ƙarfen gado. Na yi masifa har na gaji. Yau ga ni ina neman warin nan ido rufe.

Gadi muke yi tare a wani rukunin gidaje a Mesaimeer. Nura ɗan masunta ne, ya iya ruwa kafin ya iya karatu. Wani Bamisire mai suna Tarik, mazaunin gidajen, shi ya ja shi cikin ƙungiyarsu ta ƙwallon ruwa. Mutum bakwai-bakwai ne, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ƙwallo da hannu ɗaya ake riƙe ta. Ba sana'ar kowa ba ce, sha'awa ce zalla, amma kai ka ce gasar duniya suke. Da asuba zai tafi atisaye, ya dawo ido jajir, haƙarƙari duk yagushi, ya cinye shinkafar mutum biyu yana dariya. Nakan ce masa, ƙato da kai ka ɗaure hular jarirai a haɓa, wannan wace irin wahala ce?

Dokar aikinmu ɗaya ce: ƙofa ba ta zama babu mutum, ko na minti guda. Wanda aka samu ƙofarsa wayam, aikinsa ya ƙare. To wasanninsu ranar Asabar ake yi, daidai lokacin aikinsa, ni kuma ranar ce hutuna. Sai ya zo yana sosa ƙeya ya ce, “Yaya Bala, a taimaka.” In harare shi, in sa kakina in tafi. Shekara uku muna haka. Ma'ana duk ranar da Nura ke cikin ruwa, ni ina tsaye a ƙofarsa. Duk wasansa a bakinsa na gan shi, yana tsaye tsakiyar ɗaki yana jifa da filo.

Sau ɗaya na yi yunƙurin zuwa kallo. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe, na roƙi wani abokin aikinmu ya tsaya mana. Na sa farar shaddata, na samu wuri a layin gaba. 'Yan wasa suka jeru suna miƙa wa alƙalin wasa farcensu yana dubawa, kada wani ya yage wani. Nura ya hango ni, ya washe baki har kunne. Nan take wayata ta yi ƙara: mutumin nan bai je ba, mai duba mu kuma yana hanya. Sunan Nura ne a takardar ranar. Ko usur ba a busa ba na fita da gudu na tari tasi. Na isa ƙofar kafin a gane, amma wallahi ranar na yi hawaye cikin kakin aro.

Da ya dawo Nura ya ce, “Kar ka damu Yaya, baɗi ma akwai.” Bayan wata huɗu ya tafi hutu gida, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Allah Ya jiƙansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ni ke tsara jadawalin masu gadi, da alƙalamina zan ba shi kowace Asabar, in ba kaina. Na san dariya zai yi ya ce sai yanzu. Wannan kujera ta zo a makare, kuma ban taɓa jin daɗinta yadda ya kamata ba.

Shekara shida na ƙi bin ko titin wurin wasan nasu. Makon jiya dai na daure na je. Tarik ya yi furfura, ya daina shiga ruwa, shi ke horar da su. Ya rungume ni ya zaunar da ni kusa da shi. Cikin 'yan wasan babu Bahaushe ko ɗaya, yawancinsu ma ba su san Nura ba.

Ana cikin wasa wani dogon Bature ya taso daga ruwa har ƙugu, ya ɗaga hannu ya kwatsa ihu: “Kawo! Kawo!” Wani Balarabe ya cilla masa ƙwallo. Na dubi Tarik. Ya ce haka Nura ke neman ƙwallo, suka ɗauka a bakinsa, sababbi suka ɗauka a bakin tsofaffi, yanzu duk ƙungiyar ba ta da wani kira sai shi.

Nura bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, kofi ma bai ci ba. Abin da ya bari ke nan, kuma ni ya ishe ni. Na rufe idona na bar kunnena a buɗe, na zauna har aka tashi. Babu wanda ya kira wayata.