Wayoyin Motar Kakanmu

A bayan gidanmu, inda katanga ta ƙare gona ta fara, akwai rumfar kara da motar kakanmu ta yi shekaru a ƙarƙashinta. Tsohuwar mota ce ruwan madara, mai dogon baya da manyan fitilu masu kallon mutum kamar saniya. Da kakan ya rasu aka raba gado, ita kaɗai aka bari ba a raba ba. Baffa, yayan mahaifina, bai iya tuƙi ba, bai kuma damu ya iya ba, don haka makullin ya zauna a aljihun Baba. Duk Juma'a yakan goge ta ya ɗebi tsofaffin unguwa zuwa masallaci.

Shekarar da na gama karatu na dawo gida, an samu gyaɗa har aka rasa wurin ajiya. Baffa ya kawo shawara a zuba sauran buhunan a cikin motar, tunda tana kulluwa kuma akuya ba ta iya buɗe ƙofa. Baba ya yarda, don a watannin ciwon gwiwa ya hana shi tuƙi. Akuya kam ba ta shiga ba. Ɓeraye ne suka shiga, da suka ƙoshi da gyaɗa suka koma kan wayoyi. Ranar da aka kwashe buhunan Baba ya murɗa makulli, motar ko tari ba ta yi ba, sai ƙauri da ya taso daga ƙarƙashin sitiyari.

A wajenmu ƙasa ba ta zaman banza. Gona manne take da gona, har bakin hanya ana shuka kuɓewa. Baffa ya daɗe yana kallon wurin rumfar, sai wata la'asar ya faɗi abin da ke ransa.

"Malam," haka yake kiran Baba, saboda koyarwa ya yi har ya yi ritaya, "wannan wurin zai ba da damin gero. In ruwan farko ya sauka ba ta tashi da ƙafarta ba, zan kira 'yan gwangwan su yanka ta su ɗora a sikeli."

"Yaya, gyaɗar wa ta gayyato ɓerayen?"

"Gyaɗar da kake shan kununta kullum da safe."

Baba ya yi dariya. Ban taɓa ganin ya ja da yayansa ba, kuma na san Baffa ba wasa yake ba.

Kwana uku Baba ya yi yana zare wayoyin. Ashe ba ɗaiɗai suke ba, dami guda ne a naɗe da baƙin salatif, yana rassa zuwa fitilu da batir da duk wani lungu na motar. Idonsa ba ya rarrabe launi sosai, sai ya kira ni.

"Uwata, zo ki ara mini ido."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Duk wayar da ya cire sai in faɗa masa launinta, shi kuma ya faɗa mini aikinta, in rubuta a guntun takarda in liƙa mata. Da muka shimfiɗa damin a kan tabarma sai na ga kamar saiwar bishiyar da aka tono a hankali ba a tsinka ko ɗaya ba.

Muka sa shi a buhu muka hau bas zuwa Ɗambatta, wurin wani dattijo mai gyaran wayoyin mota da ya san motar tun zamanin kakanmu. Zaune yake a gindin darbejiya, gabansa tebur cike da gutsattsarin waya. Baba ya riga ya yi masa waya, shi kuma ya sa an kawo masa dami biyu daga Kano don mu zaɓa. Ɗaya sabo ne fil a cikin leda, launukansa kamar alawa. Ɗayan na gwanjo ne, an ciro shi daga wata mota irin tamu da ta mutu.

Zuciyata ta tafi ga na gwanjon. Kowane reshe nasa ya dace da namu, kamar ɗan'uwa. Dattijon ya ɗauki waya guda daga jikinsa, ya kai ta kusa da kunnena, ya lanƙwasa. Na ji wani ɗan ƙas-ƙas, kamar an taka busasshen ganye.

"Kin ji? Robar ta tsufa. Tsarar taku ce, rana ɗaya ta dafa su. Ɓera ne kawai bai kai mata ziyara ba."

Ya juya ga sabon. Ya feƙe bakin waya guda, silin cikinta ja-ja-wur kamar jan ƙarfe na gaske. Ya ƙyasta ashana ya kara. Nan take silin suka yi laushi suka sunkuyar da kai. Ya yanko guntu daga tsohuwar wayar kakanmu ya yi mata haka, ta yi baƙi, amma tana miƙe.

"Alminiyam ne aka shafa wa ja, Malam. In ka ce in saka, yau zan saka, gobe ka tayar da ita. Za ta iya kai ka shekara. Ranar da ta yi zafi a ƙarƙashin sitiyari dai, kada ka ce ni na zaɓa maka."

"In ba su ba fa, Alhaji?"

"Sai in haɗa maka sabo da hannuna, waya bayan waya, ina kallon tsohon. Sati uku, in wayar kirki ta samu."

Dukanmu muka ɗaga kai. Tun kwana biyu gabas take haɗa hadari tana warwarewa, iska kuma ta fara ƙamshin ƙasa. Baba ya daɗe yana juya ledar sabon damin a hannunsa. Da ya ɗauke shi, da maganar Baffa ta ƙare a gobe. Ya ajiye shi a kan tebur a hankali.

"Mutanen da nake ɗauka ba sa iya fita daga mota da sauri," in ji shi. "Haɗa mana naka."

Sau biyu na raka Baba ganin aikin. Dattijon ya samu faffaɗan katako, ya kwantar da tsohon damin a kai, ya bubbuga ƙusa a duk inda reshe ya rabu, sannan ya riƙa jan sabbin wayoyi tsakanin ƙusoshin kamar masaƙi. Ba ya gaggawa. Yakan karanta 'yan takarduna yana gyaɗa kai, sau ɗaya kuma ya gyara mini, ya ce wannan ta fitilar baya ce, ba ta birki ba. Na tsaya ina kallon yatsunsa, busassu, masu tabon ƙuna, suna naɗa salatif kowane zagaye daidai da na bayansa.

Saura kwana shida aikin ya kammala, sai ruwa ya sauka, mai yawa, da hantsi. Washegari da sassafe Baffa ya fito da sungumi a kafaɗa. Baba yana tsaye a bakin rumfa, hannunsa a baya, bai roƙi komai ba. Baffa ya zagaya motar, ya leƙa ta taga ya ga ramin da wayoyin suka bari.

"An ce ka ga na rana ɗaya ka ƙi."

"Na ƙi, Yaya."

"Taurin kan mahaifinmu sak."

Ya tofa yawu a tafinsa ya fara sara. Ya shuka gaban rumfar, ya shuka gefe da gefe, ya shuke har 'yar hanyar da tayoyi suka yi zuwa titi. Inda motar take kaɗai ya tsallake.

Ranar da dattijon ya zo da kansa ya ɗaura damin, gero ya riga ya fito kore shar. Baba ya yi bisimilla ya murɗa makulli, motar ta tashi a bugu ɗaya, fitilunta suka kama. Sai dai babu ta inda za ta bi ba ta taka shuka ba.

Baffa ya jingina da tagar yana murmushi.

"To, Malam, ja mu tafi mana."

"Sai an yi girbi, Yaya."

Haka ta wuce daminar nan. Kullum bayan sallar asuba Baba yakan ratsa kunya-kunya yana kare ganye da hannu, ya shiga ya tayar da ita ta ɗan yi ɗumi. Da geron ya fi mutum tsayi ba ma ganinta daga gida, sai dai mu ji ƙararta tana fitowa daga cikin gona.