Ƙuri'u Tara a Gwangwanin Madara

Edita, don Allah a sakaya sunana. A shekarun da ƙasarmu Benin ta yi sallama da mulkin jam'iyya ɗaya, ni matashiyar malama ce mai rawar kai, uwar 'ya'ya uku, Kirista a tsakiyar Zongon Kwatano. Mijina akawu ne a wani kantin shigo da kaya a Ganhi. Da yajin aiki ya rufe makarantu wata da watanni, sai na share falonmu, na jingina allo da bango, na buɗe makaranta a gida. 'Ya'yana uku, yara biyar na 'yan cocinmu, da addu'a muke farawa, sannan aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki. Ta tara ita ce 'yar maƙwabciyata Hajiya mai sayar da atamfa. Da ƙyar Hajiya ta shawo kan mijinta, shi ma da sharaɗin yarinyar za ta jira a baranda har mu ce amin.

Kai, wane irin lokaci ne wancan! Ko'ina rediyo, masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suna gardamar tsarin mulki a bakin titi, mutanen da jiya ko tari ba sa yi a gaban jandarma yau suna zagin gwamnati da rana tsaka. Ni kuwa kamar na yi tsalle. Tarihi da mulki su ne darasina, ga su suna faruwa a ƙofar gida. Na koyar da sarakunan Abome da matansu mayaƙa, na koyar da zuwan Faransawa, na haɗa da labarin Sarki Saul da ya ƙi yarda lokacinsa ya wuce. Kullum sai na buga allo na ce musu wanda ya saci ƙuri'a ya fi ɓarawon akuya muni, su kuma su maimaita da ƙarfi har Hajiya ta leƙo ta katanga tana dariya, tana tambaya ko juyin mulki muke shiryawa.

Da zaɓen ƙasa ya matso, na ce mu ma sai mun zaɓi shugaban aji, kuma yadda manya za su yi. A wancan lokacin kowane ɗan takara da takardarsa daban, ka ɗauki duka, ka shiga bayan labule, ka sa ɗaya a ambulan, ka yar da sauran. Na yanka takardu masu kyau, shuɗi na babban ɗana, rawaya na 'yar Hajiya, don su biyu suka tsaya. Zanina ya zama labule, gwangwanin madara ya zama akwati. Yarinyar ta yi alkawarin a riƙa karɓa-karɓar shara, ɗana kuwa ya tsaya yana sosa ƙeya. Ko a jikina, don na tabbata 'yan coci ɗan coci za su zaɓa.

Na ɗauki gwangwanin na shiga kicin ni kaɗai, wai kada hayaniya ta ruɗa ni. Rawaya bakwai, shuɗi biyu. Shugaban aji shi ke jan addu'ar safe, me zan ce wa matan zumuntar cocinmu? Haka na gaya wa kaina, amma gaskiyar ita ce zuciyar uwa ce ta ci ni, ban so a kayar mini da ɗa a falona ba. Na fito da murmushi na sanar cewa shuɗi biyar, rawaya huɗu.

Abin da ban lura da shi ba, babu yaron da ya yar da takardar da ta rage masa, kyanta ya sa kowa ya soke tasa a aljihu. Ƙaramar 'yata ce ta fara ciro shuɗi tana cewa ai ita rawaya ta jefa. Sai wani ya ciro, sai wata. Aka jera su a tabarma, shuɗi shida. Ɗana ya dube ni ya daɗe, sannan ya sa hannu a aljihun wandonsa ya ajiye ta bakwai. Ashe shi ma 'yar Hajiya ya zaɓa. Ya tambaye ni a hankali ko wannan ne abin da na ce ya fi satar akuya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Maimakon in nemi gafara, sai na daka musu tsawa na ce an tashi.

Labari ya riga 'yar Hajiya isa gida. Mahaifinta ya ce dama abin da ya guda ke nan, ya cire ta, kuma ko da aka buɗe makarantun gwamnati bai mayar da ita ba, rumfar uwarta ta koma. Hajiya ba ta zage ni ba, ta dai daina leƙowa ta katanga. Sai bayan mako uku na iya zuwa ban haƙuri, lokacin an riga an yanke magana.

Bara na je kasuwar Dantokpa sayen atamfa, wata babbar 'yar kasuwa ta rungume ni tana kirana Madam. 'Yar Hajiya ce. Ta gabatar da ni ga 'ya'yanta a matsayin wadda ta koya mata zaɓe. Ta ce tun da ta isa jefa ƙuri'a ba ta taɓa fashi ba, kuma ba ta barin rumfar zaɓe sai an ƙirga a gaban idonta. Da dariya ta faɗa, ni kuwa da hawaye na hau zemijan.

Iyaye da malaman da ke koyar da yara a gida, ku ji tsoron Ubangiji. A gida babu sufeto, babu mai duba ku sai yaran nan, kuma abin da hannunku ya yi suke haddacewa kafin abin da ke kan allo. Idan kun yi kuskure ku amsa a take, a gabansu. Ni na koyar da adalci wata takwas, na rushe shi a minti biyu a kicin, kuma yarinyar da ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ajina ce ta biya.