Mai Ƙasidu da Kanarinsa

Ran kasuwar Rogo, dab da inda Hajjo ke dama fura, wani baƙon dattijo ya baje tsofaffin ƙasidun ajami a kan buhu, ya danne su da duwatsu. Dogo ne siriri, rigarsa fes, amma ta yi masa yawa sai ka ce ta aro. Yana rera wata tsohuwar waƙa wadda ta kwatanta rai da tsuntsu, jiki kuma da keji.

Tafiyarsa ce ke ba Hajjo dariya. Taku huɗu ya juya, taku huɗu ya komo. Ga fili har bakin tasha, amma shi kamar akwai bango a gabansa.

"Baba, aljani ne ya shata maka iyaka?" in ji ta.

Ita dai a ranta ta gama magana: wannan ya ci gabzar gidan yari, kuma ba ta shekara ɗaya ba.

Da la'asar sai ya tattara cinikinsa ya sayi kanari wurin mai tsuntsaye. Ya ajiye kejin a ƙasa, ya buɗe ƙofar. Kanarin ya leƙo, ya koma kan ɗan karansa.

"To fa, Baba! Tsuntsun waƙarka ya ƙi fita. Girgiza shi mana!"

Dattijon ya durƙusa, ya kare kejin da hannu.

"Ƙyale shi, 'yata. Ranar farko ba a iya fita. Dama mini fura, zan jira shi."