Gwiwar Torquil

A doron dutsen Aonach Eagach, inda hanya ba ta fi tafin ƙafa faɗi ba, na iske wani dattijo a gabana ya maƙale. Gemunsa fari fat, igiyar takalminsa ja, yatsunsa a cikin tsagar dutse. Hagu rami, dama rami.

Da gani, shi ma tun yana saurayi aka koya masa cewa gwanin hawa ba ya dafa dutse da gwiwa.

"Torquil, sa gwiwar mana, tsoho," in ji matarsa daga sama. "Makoki za ka bar ni da shi saboda girman kai? Ba mai kallonka."

Ya waigo ya dube ni. Na kau da fuskata wajen gajimare, ina sauraron numfashinsa.

Da na juyo yana sama, yana kakkaɓe gansakuka daga gwiwar wandonsa.