Karkataccen Hancin Gethin

Duk wanda ya shiga bas ɗin da Gethin Pryce yake tuƙawa a birnin Swansea, hancinsa yake fara gani, ya karkace kamar lauje. Shekara bakwai ya yi yana dambe ba wanda ya taɓa hancin nan, don gwani ne wajen gocewa. Sai da ya shiga rundunar sojan laima, masu dira daga jirgin sama.

A can akwai gwaji: a haɗa kurata biyu su jibgi juna minti guda, ba karewa, ba gocewa. Aka haɗa shi da amininsa Dougie. Dougie ya kawo naushi, jikin Gethin ya goce da kansa.

Saje ya daka tsawa: "Kai, ɗan rawa! Ɗago haɓarka, don ubanka!"

Gethin ya ɗago. Dougie ya sake kawo naushi, ƙashin hancin Gethin ya ce ƙas, jini ya cika masa baki, ya ci gaba da duka yana haɗiya. Haka ya ci gwajin, ya samu jar hularsa ta sojan laima.

Daga baya likita ya ce zai miƙar masa da hancin, ya ƙi. Dougie bai dawo daga yaƙi ba, kuma hancin nan ne aikin hannunsa da ya rage a duniya.