Ranar da Aka Ƙara wa Kwamfutata Gudu

Sana'ata a Gwandu haɗa bidiyon biki da walima. Kwamfutar da nake aiki da ita irin ta tebur ce, ta yi shekaru a hannuna, kuma nauyinta ya kai inda masu aiki suka fara kai wa wasu. Taubashiyata da ke aure a Kalgo gyaran kwamfuta take yi a zauren gidansu. Ta ce in kawo ta, ana iya sa ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta.

Na naɗe ta da bargo, na rungume ta a cikin bas har Kalgo.

Da ta kwance murfin sai ta ja baya.

"Ɗan ƙauye, zo ka gani. Kiwo kake yi a ciki?"

Na leƙa. Zanzaro ne ya gina ɗakunansa na laka a jikin ƙarfen da ke shanye zafin ƙwaƙwalwar, har ginin ya tokare fanka. Kullum ina goge bayanta da tsumma, ban taɓa tunanin akwai abin da ke rayuwa a ciki ba.

"Da mun ƙara mata gudu a haka, da ka koma gida da gawayi," in ji ta.

Ta kankare lakar, ta goge busasshen man rage zafi da ke kan ƙwaƙwalwar, ta ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Sannan ta shiga wani shafi da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi. Sai ta ɗaga lambar gudu kaɗan, ta ɗora wa na'urar aiki mai nauyi, mu zuba wa ma'aunin zafi ido. In ya tsaya lafiya, ta sake ɗagawa. Ƙarfin wuta kuwa da ƙyar take taɓa shi, ta ce shi ne ke kisa.

Bayan la'asar ta sake ɗagawa, sai allon ya yi shuɗi, ya ɗauke. Ta danna makunni, fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Ta sake, haka. Bidiyon walimar saukar karatu na wasu 'yan mata yana ciki, kuma babu kwafinsa ko'ina.

"Kin kashe ta," na ce.

"Ban kashe ta ba. Iyakarta ta nuna mana."

Ta zare wayar wuta, ta ciro wani ɗan batir mai kama da kwabo daga cikin kwamfutar, ta ajiye, ta shiga gida. Ina zaune ina ta salati, sai ga ta da kwanon fura. Ban iya sha ba. Ta mayar da batirin, ta kunna, allon ya kawo haske kamar ba abin da ya faru. Ashe cire batirin ke mayar da kwamfutar kan saitin kamfani. Ta koma lambar da ke ƙasa da wadda ta kayar da mu, ta bar na'urar tana ta aiki har magariba ba ta yi gardama ba. Kafin in tafi ta yi mini faɗa a kan ajiye aikin mutane wuri guda, ta kuma ce in bazara ta shigo in rage gudun.

Washegari a shagona na sa kwamfutar ta haɗa bidiyon walimar, na fita sayen ƙosai. Da na dawo ta gama. Na tsaya da leda a hannu, na tabbata wani abu ya lalace. Na zauna na kalli bidiyon tun daga fari har ƙarshe, ina neman inda ya yanke. Ko ƙiftawa babu. Na kira uban yaran na ce ya zo ya karɓa, ya ce shi ma bai shirya ba, sai jibi ya sa rai.