Numfashi Biyu a Bakin Ƙofa

Ni maigadi ne, shekara ashirin da biyu ina ɗaga ƙarfen ƙofa a wani kamfanin rarraba magunguna. Aikin ba shi da wani abin faɗa: mota ta zo, ka ja igiya, ƙarfe ya yi sama, mota ta wuce, ka saki. Kafaɗata ta dama ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Amma ba labarina zan ba ku ba, na Na-Dizal ne.

Na-Dizal direba ne, a wurin na tarar da shi. Dogo ne, ya ɗan rankwafa, kullum da tsumma a aljihun baya. Tsohuwar mota yake ja, mai shan dizal, mai canja giya da kanta, da ita yake kai kwalayen magani garuruwa masu nisa. In an taka mata totur ba ta motsawa nan take. Sai ta yi gurnani tukuna, kamar tsohon da aka kira yana kishingiɗe. Na-Dizal ya ce numfashi biyu take buƙata. Amma in ta hau babban titi ta miƙe, sai dai a bi ta da kallo. Ya sha rantse mini cewa ta taɓa kai ɗari da tamanin. Ni dai ban gani ba, kuma ban musa ba.

Saboda numfashin nan biyu muka saba da wani abu da ba mu taɓa zama mun tsara ba. In zai fita, yakan tsaya daf da ƙarfe. Da zarar ya ga hannuna ya taɓa igiya sai ya taka totur har ƙasa. Kafin motar ta gama gurnaninta ƙarfe ya kai sama, ta wuce ta ƙarƙashinsa sumul. Baƙi kan dafe ƙirji, mu kuwa ko a jikinmu. Ba na jin mun taɓa yin doguwar hira a shekarun farko, wannan ɗin ita ce gaisuwarmu.

Sai ga shi wata rana an kawo sababbin motoci shida masu lantarki, farare, ba sa ko tari. Aka tara mu a ɗakin direbobi, mai benci biyu da fanka mai ƙara da allon rataye makullai. Manajan sufuri, mutum ne mai kirki amma mai son takarda, ya karanta mana cewa sabuwar tana kai gudun ɗari cikin daƙiƙa bakwai, tsohuwar kuwa sai ta cinye goma sha uku. Direbobi suka hau tsokanar Na-Dizal, wai shi da motarsa tare za a kai su gidan tarihi.

Na-Dizal ya juya wajen gaba. Ya tambayi manaja iyakar gudun sabuwar. Manaja ya duba takarda ya ce ɗari da hamsin, an kulle ta a nan.

“To, yallaɓai,” in ji Na-Dizal, “a ba ta daƙiƙunta shida. Ni hanyata awa huɗu ce. Ta same ni a can in ta isa.”

Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Amma manaja bai gama ba. Ya ce an ba manyan motocin wani kamfani doguwar hanya, mu yanzu cikin gari za mu riƙa kai kaya, daga wannan danja zuwa waccan. A cikin gari ba mai tambayar iyakar gudunka, tashi da tsayawa kawai ake yi. Kuma za a gwada kowane direba da sabuwar mota. Wanda bai ci ba zai sauka daga sitiyari ya koma sito.

Shekara ɗaya da rabi ta rage wa Na-Dizal ya yi ritaya. Ranar ya zauna a bencina, abin da bai saba ba, ya ce mini ba ya roƙon komai sai ya bar wurin nan da makulli a hannu, kada jikokinsa su zo su same shi yana jera kwalaye. Na ji tausayinsa.

Kwana uku yana zagaya farfajiya da farar motar, yana taka ta a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ya ce abin da ya fi damunsa shirunta ne, domin shi da kunne yake tuƙi. Duk da haka ya iya ta. Ni shaida ne.

Safiyar gwaji ya zo da riga mai kari, mai ɗakinsa ta goge masa. Manaja ya zauna a gefensa da takarda a cinya. Suka zagaya farfajiya, ya yi ribas tsakanin durom biyu ko ƙura bai taɓa ba. Suka nufo ƙofa za su fita titi. Ya tsaya daf da ƙarfe, inda ya saba tsayawa. Na kai hannu na taɓa igiya.

Ƙafarsa ba ta nemi shawararsa ba. Motar ta zabura kafin in ja ko kamu ɗaya. Ƙarfe ya daki gilashin gaba, ya tsaga shi daga wannan gefe zuwa wancan, igiya ta fizge ta ƙone mini tafin hannu. Ba wanda ya ji ciwo bayan wannan. Takardar manaja ce kawai ta faɗi ƙasa.

Na yi maza na leƙa ta taga na ce laifina ne, kafaɗata ce ta riƙe, na yi nawa wajen ɗagawa. Ina ganin manaja ya so ya yarda, domin har ya fara gyaɗa kai. Na-Dizal ya kashe motar, ya fito, ya dubi hannuna.

“Yallaɓai, kada ka rubuta haka,” ya ce. “Shekara ashirin da biyu mutumin nan bai taɓa makara mini ba. Ni na taka.”

Ya miƙa makullin, ya ciro tsumman aljihunsa ya ɗaure mini hannu. Na so in zage shi, wallahi. Ƙarya ɗaya na yi a kan aiki tsawon shekarun nan, ita ma ya ƙi karɓa.

Yanzu yana sito, yana jera kwalaye. Tsohuwar motar an sayar da ita, ba wanda ya gaya masa ranar da aka zo ɗauka. Da tsakar rana yakan zo bencina ya zauna, mu kalli fararen motoci suna jira har ƙarfe ya kai ƙarshe kafin su motsa. Ba ya maganar gudu kuma. Amma duk lokacin da na kai hannu ga igiya, ina ganin ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa. Ban taɓa gaya masa na gani ba.